Bangon da Baba Ke Dafawa

Saboda ƙodar Baba muka baro jiharmu. Duk wanda ya tambaya sai mu ce canjin wurin aiki aka yi wa maigidana, kuma ba ƙarya muka yi ba, sai dai shi ya nemi canjin da ƙafarsa, ya yi ta sintiri a ofishin kamfanin wutar lantarki har suka gaji da ganin fuskarsa. A can gida injin wankin ƙoda biyu ne kacal, ɗaya ya mutu, ɗayan kuma yana kan hanya. A nan kuwa babban asibiti yana da ɗaki guda cike da su, amma ba a ɗora kowa a kai sai mazaunin jihar mai kati a hannu.

Mu huɗu muka zo: ni da maigidana, wanda kowa ke kira Injiniya ko da yake hawa falwaya ne aikinsa, sai Inna da Baba. Ni ce autarsu, kuma har yau Auta suke kira na, duk da furfurar da ta fara leƙo ni. Da takardar wucin gadi aka fara wanke wa Baba jini, ita kuma ƙarshen wata za ta mutu. Likita bai ɓoye mana komai ba. Ya ce jikin Baba ba zai kai mako guda ba tare da injin ba.

Neman katin zama aiki ne na mai dogon numfashi. Na kai takardar haya, na kai ta wuta, na kai hotuna, aka ce kunnen Inna bai fito ba, na koma na sake. A ƙarshe dai matar da ke zaune a bayan taga, wata mai tabarau da ba ta taɓa ɗaga kai ta dubi mutum, ta tattara komai ta buga hatimi.

"Saura dubawa," in ji ta. "Za a zo gida a tabbatar kuna zaune a ciki. Mutane sun yi yawa masu kama ɗaki don kati kawai, musamman masu marasa lafiya. Za a turo miki saƙo ana gobe."

"To me za mu tanada, Hajiya?"

A nan ne ta ɗaga kai, karo na farko tun da na fara zuwa.

"Kada ku tanadi komai. Kada ku wahalar da kanku. Ku bar gidan yadda yake."

Na yi godiya na fito, har ina cewa a raina ashe matar nan tana da kirki. Da na faɗa wa Inna sai ta yi dariya.

"Wane baƙo kika taɓa ji ya ce a wahala dominsa? Kowa haka yake faɗa. Ranar da ya zo ya tarar da ƙazanta kuma, shi ne zai fara kai labarinku gaba."

Sashenmu yana hawa na ɗaya a wani bene mai hawa uku. Ɗaki biyu ne da falo, sai wani siririn korido da ya tashi daga ƙofar ɗakin su Baba ya ƙare a bayi. Mai lafiya ba zai ma lura da tsawonsa ba, amma ga Baba tafiya ce. Kafinta ne shi a da, mutumin da yake ɗaukar ƙyauren ƙofa a hammata ɗaya, kuma ya rantse ba zai riƙe sanda ba sai dai a riƙa masa a makara. Saboda haka bango yake dafawa. Inna tana shafa masa man zafi a hannu safe da yamma, shi kuma yana shafa wa bango. Cikin 'yan watanni wani layi mai maiƙo ya fito tun daga ƙofarsa har bayi, a tsakiya kuma ga wani baƙin tabo zagayayye inda yake jingina goshinsa ya huta. Daga baya layi na biyu ya fito a ƙarƙashin na farko, domin Baba ya ƙara ranƙwafawa. Na tsani layin nan na biyu, Inna kuwa ba ta iya kallonsa. In za ta wuce koridon, ɗaya bangon take duba.

Sashen da ke fuskantar namu a kulle yake tun zuwanmu. Akwai wani falanki da aka kafa a kan dokin ƙofarsa don keken mara lafiya, kuma babu wanda ya cire shi. Maman Tagwaye, maƙwabciyarmu ta sama, haifaffiyar garin nan wadda ba ta taɓa neman katin komai ba, ita ta ba ni labarinsu.

"Su ma tsohuwarsu ce ke wankin ƙoda. Mutanen kirki, ga tsafta. Mai Tocila ya zo da safe, kafin wata ya ƙare sun tattara."

"Wane ne Mai Tocila?"

"Mai dubawar mana. Da rana tsaka yake kunna tocila a gidan mutane. Ba ya gaisuwa, ba ya shan ruwa. Ni dai ban san abin da yake nema ba."

Ranar da saƙon ya shigo wayata, Baba yana asibiti. Jininsa ya sauka ana cikin wankin, likita ya ce sai ya kwana a ga yadda zai tashi. Injiniya ya kira ya ce shi zai zauna da shi, mu kada mu zo, babu wurin zama. Ina ajiye wayar ta sake ƙara: gobe da safe za a zo dubawa.

Inna mace ce da ba ta iya zama da tsoro. Wasu in hankalinsu ya tashi kuka suke yi, ita tsintsiya take ɗauka. Ta ɗaure zaninta, ta tsaya a tsakiyar falo tana duban gidan kamar yau ta fara ganinsa.

"Baƙonka annabinka," ta ce. "Tashi, Auta. Mutumin da ran ubanki ke hannunsa ba zai shigo ya tarar da mu haka ba."

Da ɗakin su Baba muka fara, domin shi ya fi kunyata ta. Katifar Baba ta lotsa a tsakiya daidai tsawonsa, ga tabon da ba sai na faɗi na mene ne ba. Ga fo a ƙarƙashin gado, ga ƙaramin bokitin amai, ga kofin awon ruwan da likita ya yarda ya sha, ga tarin kwalayen magani a kan taga. Inna ta tsaya a kan katifar nan ta daɗe.

"Mutumin da yake goge hankicinsa da kansa," ta ce a hankali. "Wallahi wani ƙato ba zai zo ya haska masa wannan da tocila ba."

Muka ja katifar muka gangara da ita sito na ƙarƙashin matakala, inda duk 'yan gidan suke zuba tarkacensu. Fo da bokiti suka bi ta. Kwalayen da babu komai a ciki muka zuba a shara, mai motar shara ya kwashe da la'asar. Tufafin Baba Inna ta wanke su tas, ta goge, ta jera a akwati ta tura saman wardirof. Ƙasan ɗakin ta wanke shi da bilic har idanuna suna hawaye.

Da Maman Tagwaye ta ji motsi sai ta sauko, kuma kafin mu buɗe baki ta koma ta dawo da kaya niƙi-niƙi. Ga katifar baƙinta sabuwa fil ko ledarta ba a cire ba, ga zanin gado mai adon zare, ga labulaye masu ruwan zuma da zanen tsuntsaye.

"Ku rataya, ku rataya, me ake da maƙwabtaka? Waɗannan labulayen sun ga baƙi. Na ƙofar can ma su na ara musu ranar dubawarsu, da na ƙasa kafin su."

Na dubi ƙofar da ke kulle da falankinta, na dubi labulen da ke hannuna. Sai Inna ta kira ni in riƙe mata kujera, maganar ta bi iska.

Saura bango. Mun gwada sabulu, mun gwada soso, man zafi ya ce yana nan daram, ya riga ya shige cikin fenti. Inna ta kwance bakin zaninta ta aike ni shagon kayan gini na bakin titi. Na dawo da galan na farin fenti mai saurin bushewa, ni da kaina na shafa, ita tana nuna mini inda ban cike ba. Tabon goshin sai da ya sha shafi uku kafin ya ɓace. Da muka gama muka tsaya a bakin koridon, fari tas kamar na asibitin kuɗi, sai na ji wani sanyi a raina. Na daɗe ina son in ga bangon nan babu layi na biyu.

Da safe Inna ta dafa shayi ta jera kofunan da ba a taɓa shan komai a cikinsu ba. Muka yi wanka muka zauna a bakin kujera kamar mu ne baƙin. Ba mu ji tsayuwar mota ba, ba mu ji takun hawa matakala ba, ƙwanƙwasa kawai muka ji.

Na ɗauka zan ga ƙato mai jajayen idanu. Wani ɗan siririn dattijo ne mai tsohuwar kwat, da allon rubutu a hammata da 'yar tocila kamar alƙalami a aljihun gaba. Fuskarsa babu mugunta, babu kuma komai. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ja numfashi ta hanci.

"Fenti," ya ce.

"Sannu da zuwa, Yallaɓai," in ji Inna har da rusunawa. "Bismillah, ga wuri. Ga shayi."

"Na gode, Hajiya. Yaushe aka yi fentin?"

"Jiya," na ce, da ɗan alfahari ma.

Ya rubuta. Ya ɗaga kai ya dubi labulayen, ya daɗe yana dubansu yadda mutum ke duban wanda ya sani a kasuwa amma ba ya son gaisawa da shi. Ya sake rubutawa.

Daga nan ya kunna tocilar. Ba ya haska abu gaba da gaba, kwantar da hasken yake yi a jikin bango ko ƙasa, ya karkata kai yana bin sa da ido. A falo ya durƙusa inda keken ɗinkina yake, ya ga ramuka huɗu da ƙafafunsa suka yi a ledar ƙasa, ya sa farce ya zaro wani jan zare daga maƙalar ƙofa.

"Ke ce tela."

"Ni ce, Yallaɓai."

Ya yi alama a allonsa. A bayan ƙofar ɗakinmu ya ga ƙusar da Injiniya ke rataya bel ɗinsa na hawa falwaya, ƙarfen ya kankare fenti ya yi rabin da'ira, ga kuma baƙin sawun takalman aikinsa a gindin bango. Ya yi alama. A kicin ya wuce tukwanen da Inna ta goge har suna ɗaukar ido, ya jawo 'yar kujerar da take zama a kai, ya shafa inda ta yi santsi, ya leƙa bayan murhu inda tsintsiya ba ta kai ba. Na ga kunya ta kama Inna kamar ta nutse, shi kuwa ya gyaɗa kai ya yi alama ta uku.

A nan ne na fara gane abin da yake nema.

Ya shiga korido. Ya kwantar da hasken a bango ya bi shi a hankali tun daga bayi har ƙofar su Baba, ya dawo, ya sake bi a ƙasa-ƙasa. Ya shiga ɗakin. Ya ɗaga zanin gado mai adon zare, ledar katifar ta yi ƙara. Ya leƙa ƙarƙashin gado, ya shafa kan taga ya dubi yatsansa, ya buɗe wardirof ya ga kayan mace kaɗai. Ya ja numfashi, bilic ya amsa masa.

"Wa ke kwana a nan?"

"Ni da maigidan," in ji Inna. "Yana asibiti, yau za a sallamo shi."

"Shi ne mai wankin ƙodar."

"Shi ne."

Ya kashe tocilar ya mayar aljihu. Ƙarar maɓallinta ce kawai aka ji a gidan.

"Na ga tela, na ga mai aikin wuta, na ga Hajiya. Ban ga tsoho ba."

"Yallaɓai, ai mun gyara ne!" Muryata ta fita da ƙarfi fiye da yadda na so. "Katifarsa tana ƙasa a sito, da fonsa da bokitinsa. Tufafinsa ga su can a akwati. Bari in sauko da su yanzu, ka gani da idonka."

"Sito na kowa ne. Akwati kuma ana zuwa da shi da safe a koma da shi da yamma. Ni ba kaya nake dubawa ba, 'yata, kaya ana aronsu. Abin da ba a aro nake dubawa."

"Ga takardun asibiti!"

"Sun nuna ba shi da lafiya. Duk wanda ake shigowa da shi daga wata jiha ranar wanki yana da irinsu."

"To a kira maƙwabta su yi shaida. Maman Tagwaye tana sama, kullum tana gaishe shi."

"Mai labulen?" Ya juya ya sake duban tsuntsayen nan masu ruwan zuma. "Wannan ne gida na uku da nake tarar da su a benen nan. Katifar ma na san ta. Wadda ta ba da aron kayan da aka shirya ɗaki da su, ba na karɓar shaidarta."

Inna ta matso. Ban taɓa ganin ta roƙi kowa ba, ko mai gidan haya, ko likita. Ta kama hannun kwat ɗinsa da yatsu biyu, ta ja shi zuwa korido, ta ɗora tafinta a kan farin bangon.

"Ɗana, a nan yake dafawa. Tun daga nan har can. A nan yake sa goshinsa. Wallahi yana nan a ƙarƙashi, ni na sa aka rufe don kada ka gani. Mutuncinsa na rufa. Kawo wuƙa, Auta, mu kankare."

Na ruga kicin na dawo da wuƙa. Na kankara daidai inda tabon goshin yake, sabon fentin ya taso tare da tsohon, suka zubo gari guda a kan ƙafata, siminti ya bayyana. Na matsa gaba na sake kankara, haka. Mai Tocila ya tsaya yana kallona, bai hana ni ba, bai kuma taimake ni ba. Da na gaji sai ya yi magana, kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne babu fushi a muryarsa.

"Mai yiwuwa gaskiya kuke faɗa. Amma wanda ya kama ɗaki don kati, fenti yake yi, ya ari katifa, ya ce mini tabon yana ƙarƙashi. In na rubuta abin da ban gani ba, wani zai zo bayana ya duba ni. Ba a ce muku ku bar gidan yadda yake ba?"

Ya mayar da ido kan allonsa.

"Katin mutum uku zai fito. Na tsohon, za ku iya neman a sake dubawa bayan wata uku."

"Takardarsa ƙarshen watan nan za ta mutu," na ce.

"Na gani a nan." Ya gyara allon a hammatarsa. "Allah ya ba shi lafiya."

Ya fita. Wannan karon mun ji takunsa, ɗaya bayan ɗaya har ƙasa. Shayin yana nan a kan tebur ya yi fata. Inna ta zauna a ƙasan korido ta miƙe ƙafafu, ta dubi hannayenta da bilic ya cinye, ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi, na haushi, na zagi ofis da jihar da tocila da labule, na zagi kaina. Garin neman gira mun rasa ido.

Na kira Injiniya na faɗa masa a gurguje. Ya ce gobe zai je ofishin da sassafe, ya san wani wanda ya san wani. Muryarsa ba ta yarda da abin da bakinsa ke faɗa ba. Ya ce kada mu gaya wa Baba tukuna.

Da azahar suka iso. Injiniya ya tallafo shi har saman matakala, a bakin ƙofa Baba ya ture hannunsa kamar yadda ya saba. Ya rame a dare ɗaya, amma bakin yana nan.

"Auta, wa ya mutu kuka yi jugum haka? Ko baƙon naku ya cinye abincin ne bai rage mini ba?"

"Babu komai, Baba. Sannu da jiki."

Ya nufi ɗakinsa. A bakin korido hannunsa na hagu ya tashi da kansa yana neman bango, sai ya tsaya. Ya dubi farin nan daga farko har ƙarshe, ya shafa shi da bayan yatsu irin shafar kafinta, ya leƙa ta ƙofa ya hango zanin gado da labule. Fuskarsa ta washe. Ya juyo ya dubi Inna da wani irin kallo da na daɗe ban gani a tsakaninsu ba.

"Kai, amma kun yi aiki," ya ce. "Sannunku. Ya yi kyau ƙwarai. Kamar ba a taɓa zama a cikinsa ba."

Ya ɗora tafinsa a bango ya fara takawa. Inna ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da kwalbar man zafi, ta tare shi a tsakiyar korido, ta kama hannunsa ta lafta masa mai fiye da yadda ta taɓa yi, har yana ɗiga tsakanin yatsunsa.

"Wannan fa? Ai lokaci bai yi ba."

"Dafa dai," ta ce, ta mayar masa da hannun kan bango da kanta. "Dafa da kyau, Malam."